Yadda Matafiyi Zai Kauce wa Kwaso Kuɗin Cizo Daga Masauki Zuwa Gida

Kwana uku kacal na yi a wani masauki a Legas, shekarun baya, na je sayayya. Ɗakin ba laifi, zanin gado fari tas, fanka na aiki, ban ji ko ƙaiƙayi ba. Na dawo gida na jefa jakata a kan gado kamar yadda na saba, na zazzage kaya, na tura jakar ƙarƙashin gadon. Sai bayan wajen wata guda uwargida ta fara cewa, "Maigida, ka dubi wuyan yarinyar nan, wannan ba cizon sauro ba ne." Na ce zafi ne. Aka sayo hoda, aka canza sabulu, aka ƙara maganin sauro. Ranar da ta ɗaga katifa ta kira ni, abin da na gani a bakin ɗinkin ya isa. Katifar dai ba ta sake kwana a gidan ba, kuma mun kusa wata uku muna fama kafin muka samu barci mai daɗi.

Tun daga nan na koyi wata ɗabi'a da abokan tafiya ke yi mini dariya a kai: ba na ajiye jaka a ɗakin da ban bincika ba, ba na kuma shigar da ita ɗakin kwanana in na dawo. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda nake yi, daga kafin a tashi har bayan an dawo. Ya shafi mai zuwa Hajji ko Umara, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, da mai bin motar dare zuwa kudu, da uwar da ke tarbar ɗanta daga makarantar kwana.

Ka fara sanin abin da kake nema

Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi, ba ya tashi, ba ya tsalle. Rarrafe kawai yake yi. To ta yaya ya cika duniya? A jaka. Mu ne motarsa. Babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, kalar ƙasa-ƙasa mai ja, a baje kamar an danne shi, don haka duk tsagar da katin ATM zai shiga, shi ma zai shiga. In ya sha jini sai ya kumbura ya ƙara ja. 'Ya'yansa kuwa farare ne shar-shar, sabon ƙyanƙyasa bai fi kan allura ba. Ƙwansa fari ne, kamar milimita ɗaya, kuma manne yake da wurin da aka saka shi, kakkaɓewa ba ta fitar da shi.

Lissafin da ya kamata ya tsorata matafiyi shi ne wannan. Mace ɗaya da ta riga ta ɗauki ciki ta isa. Tana saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, a rayuwarta ta kai ɗaruruwa. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan yana saɓa sau biyar kafin ya girma, kuma kowace saɓa sai ya sha jini. A wuri mai ɗumi irin namu, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ya balaga ya fara nasa. Shi ya sa a gidana ba a farga ba sai bayan wata guda: lokacin ne zuriya ta biyu ta fito kiwo. Ga shi da juriyar yunwa, yana iya yin watanni bai ci komai ba. Jakar da ka ajiye a saman kabad tun Umarar azumi tana iya riƙe da shi har babbar salla.

Abu biyu kuma a cire su daga rai. Na ɗaya, cewa abin na ƙazamai ne ko na masaukin talaka. Jini yake nema, bai damu da shara ba. Ɗumin jiki da numfashin mai barci ke jawo shi. A 2023 birnin Paris ya rikice da maganarsa, ana ta yaɗa hotunansa a kujerun jirgin ƙasa da gidajen sinima, ga wasannin Olamfik na 2024 na matsowa. Hukumar kula da lafiya ta Faransa ta ce tsakanin 2017 da 2022 fiye da gida ɗaya cikin goma a ƙasar ya yi fama da shi. Otal mai tsada ma baƙi ne ke kwana a ciki, kuma kowane baƙo da jakarsa. Bambancin kawai, mai tsada ya fi saurin ɗaukar mataki in aka gaya masa.

Na biyu, cewa in yana nan za ka ji cizo. Ni shaida ne ba haka ba ne. Mutane da yawa jikinsu ba ya nuna komai, wasu kuma sai bayan kwanaki kurjin ke fitowa, lokacin sun riga sun bar garin. Idonka ne zai yi aikin, fatarka ba abin dogaro ba ce.

Kafin a tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne zaɓen jaka. Akwatin roba mai tauri, mai santsi, ya fi na yadi, domin na yadi duk ɗinki ne da aljihu da lungu. In kana da zaɓi, ɗauki mai haske, don baƙin ɗigo ya fi fitowa a kai. Jakar Gana-mas-go tana da nata amfanin: araha ce, in ka yi zargi kana iya jefar da ita ba tare da ciwon zuciya ba. Amma saƙarta da bakin zif ɗinta maɓoya ce sosai, kada ka ɗauka ta tsira.

Sai leda. Ka tanadi manyan ledoji masu kauri, irin na zuba shara, guda uku ko huɗu, da ƙanana masu zif in ka samu. Ka rarraba kayanka a ciki tun daga gida: na sawa daban, na ciki daban, harami daban. Ka bar guda biyu babu komai, ɗaya ta kayan datti, ɗaya wadda za ta haɗiye akwatin gaba ɗaya. Ka jefa salatif ɗaya a aljihun jaka. Fitila kuwa ta wayarka ta wadatar.

Rage kaya. Duk rigar da ka ɗauka, ko ba ka sa ta ba, sai ka wanke ta da ruwan zafi in ka dawo. Wanda ya tuna da haka zai bar babbar riga ta uku a gida.

In masaukin yana intanet, ka leƙa abin da waɗanda suka kwana can suka rubuta, musamman na baya-bayan nan. Ƙorafi ɗaya na shekara uku da suka wuce ba komai ba ne. Uku cikin wata biyu kuwa, nemi wani wurin.

Minti goma na farko a ɗaki

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne gajiya ke cin mutum. Ka sha hanya, ka ga gado, ranka ba abin da yake so sai ka yar da jaka ka miƙe. Daure.

Da an buɗe maka ƙofa, wuce da jakar kai-tsaye banɗaki, ka ajiye ta kan tayil inda ya bushe. In yaron otal ne ya ɗauko, ka ce masa, "Samari, kai ta banɗaki tukuna." Zai dube ka, bar shi ya duba. Banɗaki ba wurin kwana ba ne, babu yadi, babu katako, don haka nan ne wurin da ya fi ƙarancin haɗari. In banɗakin na waje ne, bar jakar a bakin ƙofa inda kake ganinta, ko kan tebur nesa da gado.

Kunna fitilar waya, ko da rana ce. Fara daga kan gado, ɓangaren da kai ke kwanciya, domin sun fi taruwa kusa da inda numfashi ke fita. Yaye zanin gado daga kusurwa. Abin da kake nema huɗu ne: ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga tawadar biro, wannan kashinsu ne, wato jinin da suka narkar; sai saɓarsu, wadda ke kama da ɓawon ƙwaro mara komai a ciki, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ƙwai farare a jere cikin ɗinki, sai su kansu. Kana iya ganin ɗan tabon jini a zani inda wani ya mirgina ya murƙushe ɗaya. In kana shakkar baƙin ɗigo, jiƙa tishu ka goga. Ƙura za ta ɗauke, kashin kuɗin cizo kuwa zai jirwaye ya bar ja-ja mai tsatsa.

Bi igiyar ɗinkin katifa da yatsa kana buɗa ta, kusurwa huɗu, sama da ƙasa. Duba ƙarƙashin tambarin kamfani da ke manne a katifar, suna son wurin ƙwarai. Ɗaga katifar ka haska katakon da ta hau kai, musamman mahaɗar katako da ramukan kusoshi. Zura katinka cikin tsagar ka ja a hankali, ka ga abin da zai biyo.

Sai allon kan gado, wanda mutane suka fi mantawa. Masu gyaran ɗaki suna canza zani kullum, suna juya katifa wani lokaci, amma allon nan, musamman wanda aka kafe a bango, yana iya shekara ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka sau da yawa katifa tas take, gidan yana bayan allo. Haska ta gefe, ta sama, ta ƙasa. In yana ɗaguwa ka ɗan ɗaga.

Daga nan ka faɗaɗa kamar taku biyu kewaye da gado. Jawo durowar gefen gado ka duba ƙasanta da bayanta. Kujerar kushin, ɗaga matashinta ka bi ɗinki. Naɗin labule na sama da na ƙasa. Bakin kafet inda ya haɗu da bango, gefen soket, bayan hoton da aka rataye saitin gado, fentin da ya ɓanɓaro. Kar ka manta da ɗan teburin ɗora akwati: jakar kowa a nan take sauka, don haka juya shi ka duba ƙarƙashin maɗaurinsa kafin ka amince masa.

Hanci ma yana taimakawa. Ɗakin da suka yi yawa yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya taɓa murƙushe ɗaya a bango ya san shi, ba ya mantuwa. Amma in har wari ya kai ga hanci, abin ya yi nisa. Rashinsa ba ya nufin komai.

In ka gani

Kada ka fara kashewa. Ɗauki hoto, in ka ga mai rai ka manna shi da salatif ko ka rufe shi da kofi. Ɗauki jakarka ka sauka wurin masu karɓar baƙi. Ba faɗa za ka yi ba, ba kuma a gaban jama'a ba. "Malam, don Allah zo mu je ka ga wani abu." Mutum in ba ka kunyata shi ba ya fi saurin yi maka abin da kake so. Mai yiwuwa ya ce jiya aka yi feshi. Wannan ba labari mai daɗi ba ne, tabbaci ne cewa sun san da abin, kuma feshin da aka yi na iya tarwatsa su zuwa ɗakunan maƙwabta.

Shi ya sa in za a canza maka ɗaki, kada ka karɓi na jikinsa, ko na samansa, ko na ƙasansa. Suna bin hanyar wayar wuta da bututu da tsagar bango. Nemi wani ɓangare ko wani hawa mai nisa, sa'an nan ka sake binciken daga farko. In na biyun ma haka ne, nemi kuɗinka. Ko ba su bayar duka ba, kuɗin kwana ɗaya bai kai kuɗin katifa ba.

Akwai inda ba ka da zaɓi. Alhazan da suka je ta hukuma ba su ke zaɓen ɗaki ba, mutum huɗu ko fiye a ɗaki ɗaya, gadaje kusa da juna. Haka ɗan hidimar ƙasa a sansani, haka wanda ya je biki aka sauke shi gidan dangi, inda ɗaga katifar mutane a gabansu abin kunya ne. A Makka ko Madina ka sanar da jami'in da ke kula da masaukinku tun ranar farko, ku je tare da abokan ɗaki, domin ƙorafin mutum huɗu ya fi na ɗaya nauyi. A gidan dangi kuwa ka jira a bar ka kai kaɗai, ka duba shiru. In ka gani kuma ba halin tashi, to ka sallama cewa za a cije ka, ka mai da hankali kan kare jakarka. Cizon zai warke. Ba a san kuɗin cizo da yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba, illarsa ƙaiƙayi ne da hana barci, da gyambon da susa ke jawowa. Abin gudun shi ne ya bi ka gida.

Zaman da za ka yi

Ko ɗakin ya fita tas a idonka, ka zauna kamar bai fita ba, domin ƙwai biyu a bayan soket ba wanda zai gan su.

Jaka ba ta hawa gado, ba ta hawa kujera, ba ta shiga ƙarƙashin gado. Wurinta kan tebur mai santsi ko teburin akwati da ka duba, an ja shi daga jikin bango. Zif a rufe kullum. Da dare, lokacin da suke yawo, saka akwatin cikin babbar ledar nan ka ɗaure bakin. Kada ka juye kayanka cikin durowar otal. Wanda ke buƙatar ratayewa ka rataye shi a tsakiyar sanda, kada ya taɓa bango.

Kayan datti su ne babban tarko. Masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun gwada a 2017: suka ajiye jakunkuna masu wankakkun kaya da masu kayan da aka sa, sai kuɗin cizo suka fi tururuwa zuwa na dattin, kusan ninki biyu. Warin jikin mutum suke bi. Mu kuwa al'adarmu in mun cire riga sai mu jefa ta kan kujera, singileti da safa a ƙasa gefen gado. Daina. Duk abin da ka cire, cikin leda, ka ɗaure. Kayan barci ma haka, da safe su shiga ledarsu su kaɗai.

Sallaya ita ma a kula da ita. Ana shimfiɗa ta a kafet kusa da gado, a bar ta nan kwana da kwanaki, ranar tafiya a naɗe a ɗora saman kaya. In ka idar, kakkaɓe ta, naɗe, sa a leda. Takalmi kuma ka bar shi bakin ƙofa ko banɗaki.

In gadon yana jawuwa, ja shi kaɗan daga bango, ka tattare zani kada ya taɓa ƙasa. Abubuwan da ba sa aiki kuwa, don kada ka ɓata lokaci: barin fitila a kunne, in suna jin yunwa za su fito, maganin sauro na kunnawa, gidan sauro, wanda ma naɗinsa na sama kan zama gidansu.

A hanya ma akwai su. Kujerun manyan motocin dare da na jirgin ƙasa masu yadi suna ɗaukarsu. Ba za ka iya binciken mota ba, amma kana iya naɗe jakar da za ta shiga but a leda, ka kuma ɗauki kayan da ka yi tafiya da su a matsayin abin zargi.

Ranar tashi

Ka ba kanka ƙarin minti goma. Kai akwatin banɗaki, haska zif daga farko har ƙarshe, aljihunan waje, gindin tayoyi, ramin da hannun ja ke shiga. Ɗaure kowace leda. Tsarabar da ka saya wadda ke cikin ledarta ta kamfani ba a buɗe ba, ba ta da matsala sosai. Amma kwalayen da suka kwana a ɗakin, musamman na 'yan kasuwa da ke tara kaya a gefen gado har mako, kwali wuri ne da suke so, saboda ramukan da ke cikinsa. In da hali a ajiye irin wannan kaya wurin masu awon kaya da turawa tun farko, kada su kwana tare da kai.

Ƙofar gida

Nan ne wuri na biyu da ake faɗuwa, kuma ya fi na farko wuya, saboda murna. Alhaji ya sauka, gida ya cika, yara sun rungume jaka sun yi ɗaki da ita, kowa na jiran dabino da zamzam. Kafin a ankara an zazzage akwati a kan gadon Hajiya.

Ka gaya wa mutanen gida tun kana hanya: jaka a tsakar gida za ta tsaya, ko baranda, ko gareji. Kan siminti, wuri mai haske, ba kan tabarma ba. Fitar da abin da jama'a ke jira, dabino da ruwa da turare, ka duba su ka miƙa. Sauran su jira. Kai kanka ka wuce banɗaki, cire kayan jikinka ka sa a leda, ka yi wanka.

Makaminka zafi ne. Kuɗin cizo da ƙwansa suna mutuwa in zafi ya kai wajen digiri 50 ya kuma daɗe. Ƙwan ya fi uwar taurin kai, don haka a kansa ake yin lissafi. Mai injin wanki ya sa shi a digiri 60. Mai injin busar da kaya ya fi kowa sa'a: minti 30 a zafi mafi ƙarfi, bayan kayan sun bushe, ya gama da komai. Yawancinmu ba mu da ko ɗaya, to a dafa ruwa. Juye ledar kai-tsaye cikin baho, kada a zazzage a ƙasa, a kwarara ruwan da ya tafasa har ya shanye kayan, a danna da sanda, a rufe, a bar shi kamar rabin awa kafin a wanke. Kada a cika bahon da kaya har ruwan ya huce kafin ya ratsa tsakiya. Gara a yi kashi-kashi. Ledar da aka juye a ƙulle ta a fitar waje. Bayan shanya, a bi da dutsen guga mai zafi, a dage kan ɗinki, wuya, aljihu da ƙugun wando.

Duka kayan nake nufi, har waɗanda ba ka sa ba.

Na san tambayar da ke tafe: shadda mai tsada da babbar riga mai aiki fa? Ba wanda zai yarda ya tsoma sabuwar shadda a tafasasshen ruwa. Waɗannan guga ce maganinsu, ciki da waje, a hankali, a ɗora ɗan ƙyalle mai laima a kan aikin don tururi ya ratsa. In za ka kai wa mai wanki da guga, kai su a ɗaure cikin leda kuma ka gaya masa gaskiya. Kada ka zuba masa bala'i a shago ya raba wa unguwa.

Hula, takalmi, jakar hannu, littattafai: hanya biyu ce. Ta farko firiza, a leda a ɗaure, kwana huɗu cur a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Sharaɗin shi ne sanyin ya ɗore. Firizar da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba ta yi, sai mai sola ko tsayayyen janareto. Ta biyu rana, kuma a nan sai an yi hattara, domin mun fiye yarda da ranarmu. Shanya abu a fili ba ya kashe su, gefen inuwa kawai suke komawa. Shi ya sa ake fitar da katifa rana kullum a makarantun kwana amma abin bai ƙare ba: samanta ya yi zafi, ƙasanta da cikinta lafiya lau. Abin da ke aiki shi ne baƙar leda, kaya kaɗan a baje ba a dunƙule ba, bakin a ɗaure tam, a kan siminti ko kwanon rufi mai zafi tun hantsi har la'asar, ana juyawa, a maimaita kwana biyu ko uku. Cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana ya ma fi. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, wannan dabara tana da ƙarfi. A hunturu ko tsakiyar damina kada ka dogara da ita. Waya, kwamfuta, batir, turare da magunguna ba sa shiga wannan zafin. Su a duba da ido a goge.

Saura akwatin kansa. Buɗe dukan zif, har na shafin ciki. Bi kowane ɗinki da buroshi mai tauri don ɓanɓare ƙwai, a kan farin zani ko leda don ka ga abin da ke faɗowa. Na roba a wanke da ruwan zafi da sabulu, har tayoyi. Na yadi a sa shi baƙar leda a kai rana ko cikin mota. Daga nan ya zauna a ɗaure cikin leda a sito, ba ƙarƙashin gado ba, ba saman kabad ɗin ɗakin kwana ba. Akwatin ƙarfe na ɗan makaranta ma haka: naɗin bakinsa da maƙalan murfi a kwarara musu tafasasshen ruwa. Katifarsa ta makaranta kuwa, in da yadda za a yi, kada ta shigo ɗaki ko kaɗan. Kayan gwanjo da tsohuwar kujera da aka sayo a hanya, dokarsu ɗaya da jaka.

Maganar guba

Da mutum ya ji kuɗin cizo, abin da ke zuwa ransa shi ne fiya-fiya. Garin neman gira kada a rasa ido. Sinadarin da ke cikin Sniper da ire-irensa na gona ne, kuma tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa saboda yawan rayukan da ake rasawa. Fesa shi a tufafi ko katifar da yaro zai kwanta a kai ganganci ne. Mafi muni shi ne ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara a sito. Iskar da take fitarwa tana ratsa bango da ƙasan ƙofa, ta kashe mutane suna barci a ɗakin da ba a ma sa ta ba, kuma ba ta da makari. Kada ta kusanci gidan da mutane ke kwana, kada kuma ka kwana a masaukin da ka ji ana cewa an sa ta a wani ɗaki. Kananzir da fetur kuwa gobara ce kawai ake gayyata.

Ga shi kuma feshin kanti sau da yawa asarar kuɗi ne. Bayan yaƙin duniya na biyu maganin ƙwari na DDT ya kusa share kuɗin cizo daga Turai da Amurka, amma daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo da ƙarfinsa, kuma babban dalili shi ne jikinsa ya saba da magungunan da aka fi amfani da su. Wanda feshin ya taɓa kai-tsaye yana iya mutuwa, na cikin tsaga da ƙwai suna nan, sauran kuma su watse zuwa falo.

Makonni shida na sa ido

Ko ka yi duk wannan, ka ci gaba da dubawa. Shimfiɗa farin zanin gado, don tabo ya fito. Sau ɗaya a mako, ranar da ake canza zani, yi wa gadonka irin binciken da ka yi wa na otal: ɗinki, katako, bayan allo. Saurari ƙorafin yara da mata, kada ka ce zafi ne kamar yadda na ce. Cizon yakan fito a wurin da tufa ba ta rufe ba, wuya, hannu, kafaɗa, ƙafa, sau da yawa uku ko huɗu a jere ko a tare. A wanke da sabulu, a hana susa, mai kyamis zai ba da maganin ƙaiƙayi. In wurin ya kumbura ya fara ruwa, ko jiki ya yi bori, a je asibiti.

In ka ga ko ɗaya a gida, kada kowa ya ƙaura daga ɗakin zuwa falo da filonsa, domin za su bi shi. Kada a ja katifa ta ratsa gida a buɗe. A tattara zannuwa da labule a leda zuwa ruwan zafi, a kwance gadon a fitar da katakon a bi mahaɗarsa da tafasasshen ruwa, a toshe tsagogin bango. In za a kira mai feshi, a nemi wanda zai faɗi sunan maganin da zai sa, ya kuma yarda zai dawo zagaye na biyu bayan kamar mako biyu, lokacin da ƙwan da suka tsira suka ƙyanƙyashe. Wanda ya ce zuwa ɗaya ya isa, a nemi wani. In kuma katifar ta yage har sun shige ciki, a naɗe ta a leda kafin a fitar, a farfarke ta da wuƙa a bola don kada wani ya tsinta ya kai ɗakinsa.